Ƙashi Ɗaya, Suna Uku: Yadda Mutumin Jawa Ya Zama Homo erectus

A watan Oktoba na 1891, masu haƙa a gaɓar kogin Solo, kusa da ƙauyen Trinil da ke gabashin tsibirin Jawa, a ƙasar Indonesiya ta yau, suka tono wani ƙashi mai nauyi, baƙi-baƙi, mai kama da bayan kunkuru. Murfin ƙoƙon kai ne kawai, babu fuska, babu muƙamuƙi. Goshinsa a kwance yake, ga wani tudun ƙashi da ya yi rumfa a saman gurbin idanu. Daga wannan lokaci zuwa 1950 an raɗa wa mai wannan kai suna har uku: Anthropopithecus erectus, sai Pithecanthropus erectus, sannan Homo erectus da ake kiransa da shi yau. Ƙashin bai ƙaru ba, bai ragu ba. Abin da ya riƙa sauyawa shi ne fahimtar masu raɗa sunan game da aikin da suna yake yi.

Dokar raɗa suna

Tun daga tsarin da Linnaeus, masanin halittu ɗan Suwidin, ya fitar a 1758, kowace dabba tana da suna mai kalma biyu. Ta farko sunan dangi ce, ta biyu sunan jinsi a cikin wannan dangi. Ƙa'idoji uku ne suka shafi wannan lamari. Ta ɗaya, wanda ya riga buga suna bisa ƙa'ida, nasa ne zai tsaya, ko da na baya ya fi daɗin ji. Ta biyu, kowane sunan jinsi a ɗaure yake da wani takamaiman ƙashi ko gawar dabba da aka adana, kamar yadda ake ɗaure akuya a turke. Duk inda bincike ya kai wannan ƙashi, can sunan zai bi shi. Ta uku, ba a soke suna don ma'anarsa ta saɓa wa gaskiya. A 1834 Richard Harlan ya raɗa wa wasu ƙasusuwa na Amurka suna Basilosaurus, wato sarkin ƙadangaru. Daga baya aka gane na dabbar teku mai shayarwa ne, Richard Owen ya so sauya sunan, amma har yau na farkon ake amfani da shi.

Waɗannan ƙa'idoji ba su gama kankama ba a lokacin da aka tono ƙashin Trinil. Hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da sunayen dabbobi an kafa ta ne a 1895, dokokinta na bai ɗaya kuma suka fito a 1905.

Sunan da ya riga jaririn zuwa

A shekarun 1860 Ernst Haeckel, masanin halittu na Jamus, ya zana bishiyar asalin ɗan Adam, ya bar gurbi tsakanin manyan birai da mutum, ya cike shi da wata halitta da ba wanda ya taɓa ganin ko da haƙorinta. Ya kira ta Pithecanthropus alalus. A Girkanci, pithekos biri ne, anthropos mutum, alalus kuma marar magana. A dokar yau sunan abin da aka ƙaga a zuci ba shi da matsayi ko kaɗan, shi ya sa ake jingina Pithecanthropus ga wanda ya fara ɗaura shi a kan ƙashi na gaske, wato Eugène Dubois.

Dubois likita ne ɗan ƙasar Holan, an haife shi a 1858, yana koyar da ilmin sassan jiki a Amstadam. A 1887 ya ajiye aikin, ya shiga rundunar mulkin mallakar Holan a matsayin likitan soja don kawai ya samu hanyar zuwa tsibiran da yau ake kira Indonesiya, ya nemo halittar da Haeckel ya yi hasashe. Ya fara da kogunan dutse na Sumatara bai samu abin kirki ba, ya koma Jawa a 1890.

Yadda aka gudanar da haƙar Trinil shi ne tushen rigimar da ta biyo baya, don haka ya kamata a tsaya a kansa. Gwamnatin mallaka ta ba Dubois sojoji injiniyoyi biyu, Kriele da De Winter, da fursunoni masu aikin tilas. Da rani kawai ake haƙa, domin da damina kogin yakan cika ya shanye ramukan. Shi Dubois yana zaune ne a Tulungagung, nesa da wurin, sai jefi-jefi yake leƙawa. Ƙasusuwan a akwatuna suke isa gare shi, tare da wasiƙun sojojin. A Satumban 1891 aka samu turmin haƙori guda. Wata ɗaya bayan haka, kamar mita ɗaya daga wurin, aka samu murfin kan. Sai a Agustan 1892, bayan damina ta zo ta wuce, aka tono ƙashin cinyar hagu, mai tsawon santimita 45 da rabi, miƙaƙƙe kamar na mutumin yau, da wani tsiron ƙashi na cuta a ɓangarensa na sama. Ba wanda ya zana taswirar da ke nuna daidai inda kowanne ya kwanta a ranar da aka same shi. Tazarar da ke tsakanin kan da cinyar ma, Dubois ya faɗe ta mita 15 a wani wuri, 12 a wani, 10 a wani.

Da farko ya ɗauka kan na wani babban chimpanzi ne da ya ƙare. A wancan zamani Anthropopithecus, wato biri mai kama da mutum, shi ne sunan dangin chimpanzi a wurin masana da dama. Cikin murfin kan a cushe yake da ƙasa da ta daskare ta zama dutse, saboda haka daga waje ya auna, ya ƙiyasta girman ƙwaƙwalwar a mililita 700. Da cinyar ta zo, ya ga ta mai tafiya da ƙafa biyu ce, sai ya haɗa su a matsayin dabba ɗaya a rahotonsa na 1892, ya ce Anthropopithecus erectus, chimpanzi mai tsayuwa a miƙe.

Ba a jima ba ya gane lissafinsa da kuskure. Da ya sake aunawa sai ya samu kusan mililita 1,000. Ƙiyasin yau yana wajen 900, wato ƙasa kaɗan da leda biyu ta fiya wata. Na chimpanzi bai cika wuce 400 ba, na mutumin yau kuma yana kai wa 1,350 a matsakaici. Dabba mai irin wannan kai ta fi ƙarfin a kira ta biri. Sai ya juya kalmomin biyu, biri-mai-kama-da-mutum ya koma mutum-mai-kama-da-biri, ya ɗauko sunan Haeckel. A 1894 ya buga cikakken bayani da Jamusanci a Batabiya, birnin da yau ake kira Jakarta, da sunan Pithecanthropus erectus.

A nan ne matsalar farko take. Sunan nan hujja ce da aka dunƙule cikin kalma biyu. Ta farko tana da'awar an samu mahaɗin da ke tsakanin biri da mutum, ta biyu tana da'awar kan da cinyar na jiki ɗaya ne. Duk wanda ya furta sunan kamar ya sa hannu ne a kan da'awar biyu.

Leiden, 1895

Dubois ya koma Turai da ƙasusuwansa, ya gabatar da su a babban taron masana dabbobi na duniya a birnin Leiden na Holan a watan Satumba na 1895, taron da a cikinsa ne aka kafa hukumar sunayen da aka ambata a sama. Masana suka rabu uku. Rudolf Virchow na Balin ya ce kan na wani ƙaton birin gibon ne, cinyar kuma ta mutum ce. Wasu, musamman a Ingila, suka ce duka biyun na mutum ne na da can. Kashi na uku suka bi Dubois. Tambayar da ta fi yi masa zafi ita ce mafi sauƙi: me ya tabbatar da cewa ƙasusuwan da aka samu wata goma tsakani, cikin yashin kogi mai kwaso abubuwa daga ko'ina, na halitta ɗaya ne?

Daga wajen 1900 ya rufe ƙasusuwan, ya hana yawancin masu bincike ganinsu, sai a 1923 ya sake buɗewa bayan matsin lamba. Ƙashin da ke riƙe da suna amfaninsa shi ne kowa ya iya zuwa ya gwada nasa da shi. Shekara ashirin da wani abu turken yana kulle a ɗaki. A tsakanin nan ayarin Jamusawa ƙarƙashin Lenore Selenka ya yi gagarumar haƙa a Trinil a 1907 da 1908, ya kwashe dubban ƙasusuwan dabbobi, bai samu wani Pithecanthropus ba.

Haƙori ɗaya, sabon dangi

Ranar 16 ga Oktoba, 1927, Birger Bohlin ɗan Suwidin ya tono turmin haƙori na ƙasa a kogon Zhoukoudian, kudu maso yammacin Beijin. Kafin nan Otto Zdansky ya samu haƙora biyu a wurin. Davidson Black, ɗan Kanada mai koyar da ilmin sassan jiki a kwalejin likitanci ta Beijin, ya dubi wannan turmi guda ya raɗa sabon dangi da sabon jinsi: Sinanthropus pekinensis, mutumin Sin na Beijin.

Doka ba ta hana raɗa suna a kan haƙori ɗaya ba. Illar ita ce haƙori ɗaya ba ya nuna iyakar bambancin da ke cikin jinsi. A tara turamen haƙoran mutum ɗari a kasuwa guda, za a ga manya da ƙanana, masu tsaga huɗu da masu biyar. Sannan abin da Black yake da shi haƙorin ƙasa ne, abin da ya fi ƙarfi a hannun Dubois kuma murfin kai ne. Babu gaɓar da za a ɗora a kan 'yar uwarta a gwada. Wanda bai iya gwadawa ba, ba shi da hanyar cewa wannan daban yake da wancan.

Black ya yi sa'a, abin da ya hango ya tabbata: ranar 2 ga Disamba, 1929, Pei Wenzhong ya ciro murfin kai kusan cikakke daga kogon. To amma kan da ya fito ya yi kama da na Trinil ƙwarai: goshi a kwance, rumfar gira, ƙashi mai kauri, faɗin kai ya fi yawa a ƙasa kusa da kunnuwa. Black ya ga kamar, ya faɗe ta, amma ya riƙe sunansa har ya rasu a 1934.

A Jawa ma sunaye suka yi ta tsirowa. Kawunan Ngandong da aka tono daga 1931 zuwa 1933, wani masani mai suna Oppenoorth ya kira su Homo (Javanthropus) soloensis. Ƙoƙon kan wani yaro da aka samu a Mojokerto a 1936, Ralph von Koenigswald ya sa masa Pithecanthropus modjokertensis. Dubois ya yi tsalle ya dire cewa wannan ba Pithecanthropus ba ne, sai aka mayar da shi Homo modjokertensis. Daga Sangiran kaɗai aka samu Pithecanthropus robustus, da Meganthropus palaeojavanicus, da Pithecanthropus dubius, wanda ma'anar sunansa ita ce abin shakka.

Yadda ake tara ƙasusuwan ya ƙara dagula lissafi. Von Koenigswald yana biyan mutanen ƙauye ne a kan kowane gutsure da suka kawo. A 1937, da aka gano wani kai a Sangiran, ya yi alkawarin santi 10 kan kowane yanki, sai masu nema suka riƙa farfasa manyan yankuna a ɓoye don kuɗin ya ƙaru. Gutsure wajen 40 ya harhaɗa kafin kan ya tashi. Da ya tashi kuwa, sai ga shi kamar an tsaga kara da na Trinil. Dubois ya yi zargin cewa an haɗa ƙasusuwan mutane daban-daban ne, amma hoton ekisire ya nuna ɗinkin ƙasusuwan kan ya bi layi ɗaya daga yanki zuwa yanki.

Akwai maganar da ake yawan maimaitawa cewa Dubois ya janye da'awarsa a ƙarshen rayuwa, ya ce gibon ne kawai ya samu. Ba haka abin yake ba. Ya jaddada kamar halittar da gibon ne don ya nisanta ta daga ƙasusuwan Sin da na Sangiran, waɗanda yake gani mutane ne kawai, domin tasa ta ci gaba da zama ita kaɗai ce mahaɗin. A kan wannan ra'ayi ya rasu a Disamban 1940.

A 1939 von Koenigswald ya ɗauki ƙasusuwan Jawa ya kai Beijin wurin Franz Weidenreich, magajin Black. Suka jera su a tebur ɗaya, na Sin a gefe, na Jawa a gefe, suka bi su gaɓa-gaɓa. Wannan shi ne gwajin da ya kamata a yi kafin a raɗa suna, an yi shi ne shekara 12 bayan raɗa Sinanthropus. Sakamakon da suka buga a wannan shekara ya ce bambancin bai wuce irin wanda ake gani tsakanin al'ummomin mutanen yau ba. A 1940 Weidenreich ya ambaci cewa a bisa ƙa'ida Homo erectus ya kamata a ce, amma ya ci gaba da rubuta Sinanthropus da Pithecanthropus, domin a wurinsa laƙabi ne na gane daga inda ƙashi ya fito. Wannan ita ce matsala ta biyu, kuma ta fi ta farko yaɗuwa. Likitocin da suka mamaye fagen sun saba da bayyana ƙashi ɗaya-ɗaya filla-filla, sai suka riƙa ba kowane ƙashi sunan yanka irin na jinsi, alhali lambar ajiya ta ishe shi. Mai karatu daga waje kuwa, in ya ga dangi biyar a takarda, zai ɗauka halittu biyar ne mabambanta kamar doki da raƙumi.

Ƙasusuwan Zhoukoudian sun ɓace a Disamban 1941, lokacin da ake ƙoƙarin fitar da su daga Sin saboda yaƙi. Kwafin da Weidenreich ya sa aka zuba da bayanansa su suka rage.

Tsintsiyar Mayr

Wanda ya share fagen masanin tsuntsaye ne, ba mai tonon ƙashi ba. Ernst Mayr, Bajamushe mazaunin Amurka, ya yi shekaru yana tantance tsuntsayen tsibiran Fasifik, inda kullum tambayar ita ce: wannan jinsi ne daban, ko kuwa launin wani yanki ne na jinsi ɗaya? A wurinsa jinsi al'umma ce mai hayayyafa a tsakaninta, mai bambance-bambance a cikinta, dangi kuma rukuni ne na jinsunan da suke rayuwa iri ɗaya. A taron masana na 1950 a Cold Spring Harbor ta Amurka ya ɗora wannan ma'auni a kan ƙasusuwan mutane, ya ce duk mai tafiya da ƙafa biyu dangin Homo ne, jinsuna kuma uku: Homo transvaalensis na Afirka ta Kudu, Homo erectus, da Homo sapiens, wato mutumin yau.

Ga yadda doka ta fitar da sunan. Tunda an ce dangin ɗaya ne, Homo na 1758 ya girmi Pithecanthropus na 1894 da Sinanthropus na 1927, sai su biyun suka kwanta. Tunda an ce mutumin Jawa da na Beijin jinsi ɗaya ne, erectus ya girmi pekinensis da shekara talatin da 'yan kai, shi ya tsaya. Sunayen da suka kwanta ba su mutu ba. Duk ranar da wani ya kawo hujjar cewa na Sin jinsi ne daban, pekinensis na nan yana jiransa, ba shi da ikon ƙago sabo. Shi ya sa a rubutun masana ake sa sunan Dubois da shekara cikin baka bayan Homo erectus: bakan na nuna cewa a wani dangi ya fara raɗa sunan. Shekarar ma takan bambanta, wasu 1892, wasu 1893, domin rahoton na 1892 ne amma fitowarsa daga maɗaba'a ta shiga shekara ta gaba, doka kuma ranar bugawa take dubawa.

Gyaran Mayr ya zama dole, kuma ya yi amfani. Da Bernard Campbell ya bi sunayen da aka taɓa raɗa wa ƙasusuwan mutane a 1965, ya ƙirga sama da 100. Sai dai tsintsiyar ta yi shara fiye da kima. Mayr da kansa ya dawo ya amince da Australopithecus, wato waɗanda ya kira Homo transvaalensis, a matsayin dangi mai zaman kansa. Ra'ayinsa cewa jinsin mutum ɗaya ne kawai yake rayuwa a kowane zamani ya rushe a Koobi Fora ta Kenya, inda wani ƙoƙon kai irin na Homo erectus mai lambar ajiya KNM-ER 3733 da aka samu a 1975 ya fito daga ƙasa mai shekaru ɗaya da ta wani mai ƙaramar ƙwaƙwalwa da manyan turame, wanda ba mai cewa jinsinsu ɗaya.

Homo erectus kuma ya zama babban buhu. Telanthropus capensis na Swartkrans a Afirka ta Kudu da aka raɗa a 1949 ya shiga ciki, haka Atlanthropus mauritanicus na Aljeriya na 1954. Tsohuwar ɗabi'ar ma ba ta mutu nan take ba. A 1961 aka tsinci wani ɓangaren fuska da goshi a Yayo, arewacin Chadi, Yves Coppens ya raɗa masa Tchadanthropus uxoris, kalmar ƙarshe tana nufin na matar aure, domin matarsa ce ta gano shi. Iska da yashin hamada sun goge ƙashin har siffarsa ta sauya, ga shi a sarari aka same shi ba a cikin shimfiɗar ƙasa da za a auna shekarunta ba. Wasu sun sa shi cikin Homo erectus, wasu sun ce kan mutumin yau ne da rairayi ya cinye. A 1975 kuma Colin Groves da Vratislav Mazák suka ware na Afirka ta Gabas da sunan Homo ergaster, suka ɗaure shi a kan muƙamuƙin KNM-ER 992, kuma har yau ana ja-in-ja a kan wannan rabuwa.

Cinyar da ta ba da sunan

Tambayar Leiden ba ta tafi ko'ina ba. A farkon shekarun 1930 aka gano wasu guntayen ƙasusuwan cinya cikin akwatunan Dubois da aka daɗe ba a buɗe ba. A 1973 Michael Day da Theya Molleson suka sake nazarin ta 1892, suka ce ba su ga abin da ya raba ta da ta mutumin yau ba. A 2015 Christopher Ruff da abokan aikinsa suka leƙa cikin ƙasusuwan da na'urar sikan, suka samu cewa guntayen da aka gano daga baya suna da tsarin da ya dace da Homo erectus, amma cikakkiyar cinyar nan mai tsiro ta fi kama da ta Homo sapiens, kuma mai yiwuwa daga wata shimfiɗar ƙasa ta baya-bayan nan ta fito. Akwai masanan da suka bi wasiƙun Kriele da De Winter suka tsaya a kan cewa shimfiɗa ɗaya ce. Da an zana taswira a 1892, da gardamar ba ta kai yau ba.

Ko da ta tabbata cewa cinyar ta wani mutum ce dabam, sunan ba zai motsa ba. Murfin kan, mai lamba Trinil 2, shi masana suka riƙa a matsayin turken jinsin, kuma ƙa'ida ta uku ta riga ta ce ma'anar kalma ba ta soke suna. An kuma yi dace kalmar ta faɗi gaskiya ta wata hanya: ƙwarangwal ɗin yaron Nariokotome da aka tono a yammacin tafkin Turkana a Kenya a 1984 ya nuna irin waɗannan mutane a miƙe suke tafiya. Sai dai ba su ne farkon masu yin haka ba, domin sawun ƙafafun Laetoli a Tanzaniya, mai shekara miliyan 3.6, ya girme su nesa ba kusa ba.

Murfin kan, da turmin, da cinyar sun shafe fiye da ƙarni a Holan, a ƙarshe a gidan tarihin Naturalis da ke Leiden. A Satumban 2025 gwamnatin Holan ta sanar da cewa za ta mayar wa Indonesiya tarin Dubois, ƙasusuwa sama da 28,000, bayan kwamitin da ya binciki lamarin ya duba yadda aka tara su a ƙarƙashin mulkin mallaka da aikin tilas. Dokar suna ba ta damu da ƙasar da turke yake ba, abin da take nema shi ne a adana shi, a kuma bar masu bincike su gan shi.